Gwajin Ƙanjamau: In Mutum Ya Ce "Ba Laifi", Ya Gamsu Ke Nan?

Kwanakin baya wata ɗaliba da ke karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma ta yi sallama a ofishina ɗauke da takardar tambayoyi mai shafi huɗu, tana neman in taimaka mata wajen mayar da ita Hausa. Binciken nata ya shafi gamsuwar mutanen da ke zuwa cibiyoyin shawara da gwajin cutar nan mai karya garkuwar jiki, wato tana son ta auna ko waɗanda aka yi wa gwajin sun ji daɗin yadda aka karɓe su, ko kuwa a'a. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne, tunda fassara ba baƙuwar aba ba ce ga wanda ya daɗe yana koyar da ilimin harshe. Ashe da sauran rina a kaba. Tun a tambayar farko muka cije, domin an tanadar wa mai amsawa matakai biyar ne ya zaɓi ɗaya: na gamsu ƙwarai, na gamsu, ina tsaka-tsaki, ban gamsu ba, sam ban gamsu ba.

Duk biyar ɗin Hausa ce, babu mai ja da nahawunsu. Amma sai na tambaye ta, "Malama, tun da kike, kin taɓa jin wata tsohuwa ta fito daga ɗakin likita ta ce tana tsaka-tsaki?" Ta yi dariya ta ce a'a. Na ce to me sukan ce? Ta ce sukan ce alhamdulillahi, ko ba laifi, ko kuma sun yi ƙoƙari. Na ce to a wane gida daga cikin gidajen nan biyar za ki ajiye "ba laifi"? Ta yi shiru. Wannan shirun nata shi ne dalilin wannan rubutu.

Mai karatu ya sani, mu mutane ne da ba mu faye kushe abu a gaban mai shi ba. Ka je duba marar lafiyar da ko ruwa ba ya iya haɗiya, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ka tambayi wanda aka kora daga aiki jiya yaya aiki, zai ce an gode Allah. Waɗannan amsoshi ba ƙarya ba ne, kuma ba rahoto ba ne. Ladabi ne da tawakkali da harshe ya riga ya yi wa mazauni. A shekarar 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Uku daga cikinsu, wato haƙuri da kunya da kiyaye mutuncin wanda ke gabanka, sun isa su hana talaka ya dubi ma'aikacin asibiti, ko wanda ya ɗauka ma'aikacin asibiti ne, ya ce masa ban gamsu ba. Sai a haɗa da kara, wadda ita ce ke sa mutum ya haɗiye abin da ke ransa don kada ya ba wani kunya. Balle kuma a ce gwajin kyauta aka yi masa, maganin ma in ta kama kyauta zai riƙa karɓa a wannan tagar har iya rayuwarsa. Wa zai ɓata da mai riƙe da tagar?

Shi ya sa duk lokacin da na ga sakamakon irin waɗannan bincike, waɗanda galibinsu kan fito da alƙaluma masu sanyaya zuciyar hukuma, nakan yi tambaya biyu. Ta farko, a ina aka tsaya aka yi tambayoyin? Akasari a bakin ƙofar cibiyar ne, mutum na fitowa, auduga na manne a yatsarsa, wanda ya yi masa gwajin kuma na iya hango shi ta taga. Ta biyu, su wa aka tambaya? Waɗanda suka zo, suka jure layi, suka tsaya har aka ba su sakamako. Wanda ya leƙo ya hangi maƙwabcinsa a kan benci ya juya, da wadda ta ba da jini amma ta sulale kafin a kira ta, da wanda ya hau mota daga garinsu ya tafi wata jiha don kada a gane shi, duk babu su a cikin lissafin. Alhali kuwa su ne ainihin waɗanda ba su gamsu ba, sai dai ƙafarsu ce ta ba da amsa, ba bakinsu ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar malaman jami'a ce kawai. An fara gano cutar a Nijeriya a 1985, aka ba da rahotonta a 1986. Gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya yi ta hawa har ya kai kashi 5.8 a 2001. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ba da magungunan rage kaifin cutar, da nufin kai wa ga manya 10,000 da yara 5,000, daga 2006 kuma aka mayar da maganin kyauta. Babban binciken gida-gida da aka yi a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita kuwa kimanin mutum miliyan 1.9. Shiyyar Kudu maso Kudu ta fi kowace da kashi 3.1, Arewa maso Yamma kuma ta zo ƙarshe da kashi 0.6. Na ji mutane da dama suna kafa hujja da wannan ƙaramin adadi suna cewa ai mu abin bai shafe mu ba. Sun manta da yawan jama'ar da ke wannan shiyya, sun kuma manta cewa a inda cuta ba ta da yawa a nan mai ita ya fi zama saniyar ware, a nan kuma tsoron tonon asiri ya fi hana mutane zuwa gwaji.

Burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe shi ne kashi 95 na masu ƙwayar cutar su san suna da ita, kashi 95 na waɗanda suka sani su kasance a kan magani, kashi 95 na masu shan magani kuma ƙwayar ta kwanta a jininsu. Duk wannan gini a kan tubali ɗaya ya tsaya, wato ɗan ƙaramin ɗakin nan da ake huda yatsa. Wanda aka wulaƙanta a ranar farko da wuya ya dawo karɓar magani, kuma ba zai yi shiru ba, zai gaya wa abokansa kada su je.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona. A bara ɗan yayata ya tashi aure, aka ce sai an kawo takardar gwaji kafin a ɗaura. Ya roƙe ni in raka shi, muka je wata cibiyar lafiya da ba sai na ambaci sunanta ba. Ɗakin gwajin yana ƙarshen wani dogon baranda, an kafa masa allo mai manyan haruffa, ta yadda duk wanda ya zauna a bencin da ke gabansa ya riga ya sanar da duk mai wucewa abin da ya kawo shi. Mun tarar da mutum kusan goma sha biyar, kowa ya sunkuyar da kai, babu mai gaisawa da wani, abin da ban taɓa gani ba a wurin da Hausawa suka taru. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, labule ne ke kare ta. Daga inda nake zaune ina jin tambayoyin da ake yi wa na ciki, har da waɗanda ba za a so uba ya ji ana yi wa 'yarsa ba. Na kuma lura da wani abu da duk mazauna bencin suka lura da shi: wanda ya shiga ya fito cikin minti biyu, lafiya ke nan, wanda ya daɗe, ko aka sake kiransa a ɗebi jini karo na biyu, sai ka ga idanu sun bi shi. Babu ma'aikacin da ya faɗi sakamakon kowa, amma agogo ya faɗa.

Da aka zo kanmu, yaron ya shiga, aka huda shi, aka ce ya jira a waje. Bayan kamar minti ashirin sai ma'aikacin, wani saurayi mai fara'a da ladabi, ya fito da takardar a hannu. Maimakon ya kira mai ita, sai ya nufo ni, ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ga sakamakon, negetif ne." Na duba fuskar yaron na ga ta sauya. Ya matso kusa da ni murya na rawa ya ce, "Kawu, negetif kuma? Me ya faru?" Yaron nan ya gama sakandare, kuma a iya Turancin da ya koya wannan kalma ba ta taɓa zuwa da alheri ba. Sai da na ce masa ba a ga komai ba, sannan ya sauke numfashi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Ma'aikacin bai yi nufin sharri ba ko kaɗan. Tarbiyya ce ta sa ya ga bai dace ya tsallake babba ya miƙa wa yaro takarda ba. Amma da sakamakon ya zo akasin haka fa? Da ke nan ni, ƙanin uwarsa, na riga shi sanin abin da ke jininsa, a gaban mutum goma sha biyar. A nan ladabinmu da ƙa'idar aikin suka yi karo, kuma ban ga alamar an taɓa zaunar da wannan ma'aikaci an nuna masa yadda zai fita daga wannan tsaka mai wuya ba, alhali abu ne mai sauƙi: ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri, ƙa'ida ce sai na gan shi shi kaɗai." Babu dattijon kirki da zai ji haushin wannan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da muna fita aka tare mu da irin takardar tambayoyin nan, na tabbata yaron zai ce ya gamsu ƙwarai, don murnar sakamako ta shafe komai. Ni ma, in faɗi gaskiya, da "sun yi ƙoƙari" zan ce.

Yanzu bari in koma gonata, wato harshe, domin a ganina rabin abin da ake kira gamsuwa a wannan ɗaki magana ce. Mu fara da sunan cutar. Kalmar ƙanjamau daga aikatau ƙanjame ta fito, wato ramewa har mutum ya bushe, an gina ta kamar yadda aka gina sanƙarau daga sanƙare. Suna ne da ya kama hoton majiyyatan shekarun 1990, lokacin da babu magani, lokacin da allunan gefen titi ke ɗauke da zanen ƙwarangwal. Mu da muka taso a wancan zamani mun kuma ji ana yi mata laƙabi da kabari salamu alaikum. Ba mu kaɗai ba ne. Ibo ma sun yi mata suna mai ma'anar ciwon da ƙarshensa rami ne. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuwa suka ari sida daga Faransanci, kalmar da ba ta zana hoton komai a zuciyar Bahaushe, wanda wataƙila rahama ce. Matsalar ita ce mutumin da aka gano ƙwayar cutar a jininsa yau, ya fara magani a kan lokaci, ba zai ƙanjame ba, yana iya rayuwa har tsufa yana aikinsa. Idan mai ba da shawara ya dube shi ya ce "kana da ƙanjamau", ya gaya masa abin da ba daidai ba ne a likitance, kuma ya yanke masa ƙauna a jimla ɗaya. Akwai bambanci tsakanin ɗaukar ƙwayar cutar da kai wa matakin da garkuwar jiki ta rushe. Wani aikin haɗin gwiwa na masana harshe da likitoci, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, ya fitar da ƙamus na kalmomin wannan cuta a Hausa da Ibo da Yarabanci a 2017, inda aka ware "karya garkuwa" ga ƙwayar cutar, aka bar "ƙanjamau" ga matakin ƙarshe. Shawara ce mai kyau, sai dai ƙamus a kan kanta yake kwana, ma'aikacin da ke ɗakin gwaji kuwa da abin da ya ji a unguwa yake aiki. Ni kaina ga shi na sa tsohuwar kalmar a kan wannan rubutu, don na san ita mai karatu zai gane.

Sai kuma sunan aikin kansa. Abin da Turawa ke nufi da wannan zama na mutum biyu, mu mun rarraba shi a kalmomi da dama, kowace da nauyinta. Akwai shawara, akwai nasiha, akwai wa'azi, akwai lallashi, akwai jan kunne. Shawara tsakanin mutum biyu take, ana ba ka ne kana da ikon ɗauka ko bari. Nasiha daga sama take sauka, kuma sau da yawa tana ɗauke da zaton an yi kuskure ko ana dab da yi. Na sha jin ana fassara aikin da nasiha, kuma ina ganin wannan fassara ta yi ɓarna, don takan sa ma'aikaci ya ɗauka an ba shi mumbari. Matar da mijinta ya kawo mata cutar har ɗakinta, ko yaron da aka haifa da ita, ko wanda ya same ta ta ƙarin jini, wace nasiha za a yi musu? Ko wanda ya same ta ta hanyar da ba ta dace ba, ai ba wurin limami ya zo ba, wurin ma'aikacin lafiya ya zo, kuma in aka fara da tuhuma ba zai faɗi gaskiyar da ake bukata don a kare matarsa ba.

Haka nan kalmar da ake fassarawa da sirri. Takardar ɗalibar nan ta tambaya, "An kiyaye sirrinka?" Na ce mata yaya mutum zai sani tun bai bar harabar asibitin ba? Tonon asiri ba a ɗakin gwaji ake ganinsa ba, sai bayan mako biyu, ranar da maƙwabciya ta hana 'ya'yanta cin abinci a gidanki. Ban da haka, a wurinmu sirri abu ne da ake iya raba shi da na kusa, shi ya sa ma'aikaciya za ta iya gaya wa ƙawarta ta ce "amma sirri ne fa", ba tare da ta ji ta yi laifi ba. Kalmar da ke ɗaure Bahaushe ita ce amana. Ka ce wa mutum wannan amana ce a wuyanka, ka ɗora masa abin da ya san za a tambaye shi a kansa gobe kiyama. Da ni ke horar da ma'aikatan nan, da wannan kalma zan fara, kafin in kawo musu dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014, wadda ta haramta bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba, ta kuma hana a gindaya gwaji a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Mutum nawa ne cikin masu zama a bencin nan suka san akwai wannan doka?

Wurin da aka fi yin asara, a ganina, shi ne bayanin sakamako. Gwajin gaggawa da ake yi ba ƙwayar cutar yake nema kai tsaye ba, yana neman alamun da jiki ke samarwa ne don yaƙar ta, kuma waɗannan alamu na iya ɗaukar makonni, har zuwa wata uku, kafin su bayyana. Saboda haka "ba a ga komai ba" daidai ne, amma "jininka lafiya lau" ya wuce gona da iri, in dai mutum ya yi wani abin da zai iya jawo kamuwa a 'yan makonnin da suka gabata. Irin wannan sai an ce ya dawo a sake. Babu wanda ya yi wa ɗan yayata wannan bayani. A ɗaya ɓangaren kuma, ba a yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya. In na farko ya nuna alama sai an tabbatar da wani na daban. Wanda aka sake ɗibar jininsa ba tare da an gaya masa dalili ba, mintocin da zai yi yana jira sun fi masa shekara tsawo. Ga kuma albishir ɗin da ya kamata a ce shi ne jimla ta biyu da mai ɗauke da ƙwayar cutar zai ji: tun daga 2011 bincike ya nuna magani na rage yaɗuwar cutar tsakanin ma'aurata ƙwarai da gaske, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da cewa wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa har ba a iya ganinta a awo ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mai ciki kuma, in babu magani, haɗarin ta sa wa jaririnta yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100, da magani kuwa yana sauka ƙasa da kashi 5. Duk wanda ya fita daga ɗakin nan bai ji wannan ba, an cuce shi, ko da an shimfiɗa masa fuska, ko da ya ce ya gamsu.

Adalci ne in ce ba duka laifin ma'aikata ba ne. A farkon shekarun 2000 tsarin shi ne mutum ya kawo kansa, a zauna da shi a yi doguwar tattaunawa kafin gwaji da bayansa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ma'aikatan asibiti su riƙa yi wa majiyyata tayin gwajin da kansu, a 2015 kuma ta ce gajeren bayani ya wadatar kafin gwaji, ba sai an yi doguwar shawara ba. Dalilin a fili yake: magani ya samu, jinkiri kuma na kashe mutane. Amma hukumar ba ta janye sharuɗɗanta biyar ba, wato yardar mutum, da riƙe amanarsa, da shawara, da sahihin sakamako, da haɗa shi da inda zai samu magani ko rigakafi. Abin da ya faru a ƙasa shi ne masu ba da tallafi adadi suke ƙirgawa, mutum nawa aka gwada a wata, nawa aka samu da ita. Ma'aikacin da ake auna shi da adadi kuwa dole ya gajarta magana. A ɗakin awon ciki sau da yawa neman yarda ya koma jimla ɗaya, "Hajiya, miƙo hannu za a ɗebi jini." Jinin me, don me, ba a faɗa ba. Mu da muka san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, da yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, bai kamata mu yi wasa da batun neman izini ba. Jama'ar nan ba sa mantuwa, ko da ba su yi magana ba.

Wannan ya kawo ni ga gwajin kafin aure. Tun auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ɗaukar nauyi a 2012 ake gwada angwaye da amare, a watan Mayu na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin wannan cuta da ciwon hanta da tunjere da rukunin jinin sikila kafin ɗaurin aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan gwajin tilas, kuma na fahimci hujjarta. Duk da haka ni ina ganin a al'ummar da ake yawan aure da saki, kuma mace ba ta da bakin da za ta ce wa manemi ya je a gwada shi, dokar ta ba ta kariyar da al'ada ba ta ba ta ba. Sai dai wajabtawar ta ƙara wa ɗakin gwaji nauyi, ba ta rage ba. Wanda aka tilasta wa zuwa ba shi da zaɓin juyawa, don haka haƙƙinsa a kanmu ya ninka. Sakamakon kuma yanzu ba na mutum ɗaya ba ne, waliyyai na jira, an riga an kai lefe, an buga kati. In aka fasa, gari zai tambayi dalili, zancen duniya kuwa ba ya ɓuya. Wa aka horar ya zauna da saurayi da budurwar da sakamakonsu ya saɓa, ya bayyana musu abin da magani ke iya yi da abin da ba ya iyawa, kafin dangi su yanke hukunci? Wa zai bi yarinyar da aka fasa aurenta ya ga ta fara shan magani? In ba a tanadi wannan ba, mutane za su nemi takardar ta bayan fage, tunda duk takardar da aka wajabta ba tare da an sauƙaƙa wa mai nemanta ba, kasuwa takan buɗe mata.

Ana cikin haka kuma sai kuɗin ya fara ƙafewa. Mafi yawan wannan aiki a Nijeriya da tallafin waje aka gina shi, musamman shirin PEPFAR da Shugaba George Bush na Amurka ya ƙaddamar a 2003, da kuma asusun duniya na yaƙi da wannan cuta da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar USAID. Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 a watan Fabrairun 2025 don sayen magunguna, kuma ta kyauta. Amma a duk lokacin tsuke bakin aljihu ƙwayar magani ake fara ceta, don ita ake iya ƙirgawa a nuna. Mai ba da shawara, da matar nan mai ɗauke da cutar da aka ɗauka tana kwantar wa sababbin masu ciki hankali da labarin kanta, da mai bin sawun wanda ya daina zuwa, su ne ake fara sallama, alhali su ne masu maganar. Na'urar gwada kai a gida, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2016, ta magance matsalar benci da labule, amma ba ta iya cewa "kwantar da hankalinki, 'yar'uwa" da ƙarfe biyun dare.

A ƙarshe ni da ɗalibar nan mun sake wa takardar fasali. Na ba ta shawarar ta rage tambayar mutum abin da ya ji a ransa, ta riƙa tambayarsa abin da ya faru, don Bahaushe zai ɓoye maka ra'ayinsa amma ba zai ƙi gaya maka abin da ya gani ba. An nemi izininki kafin a ɗebi jinin? Akwai wanda yake iya jin maganarku daga waje? Hannun wa aka ba takardar? Da wane harshe aka yi miki bayani? In ƙanwarki ta tambaye ki ma'anar sakamakon, me za ki ce mata? Sai kuma wadda na fi so, in ƙanwar taki za ta yi gwaji, nan za ki kawo ta ko wani wuri? Mace na iya yi wa asibiti kara a kan kanta, amma ba za ta yi a kan ƙanwarta ba. Na kuma roƙe ta kada ta sa farar riga, kada ta tsaya a bakin ƙofa, kuma mata su tambayi mata.

Bayan mako biyu ta dawo ta ce malamin da ke duba aikinta ya karɓi sababbin tambayoyin, amma ya ce matakan nan biyar dole su zauna, don da su ne za a iya kwatanta sakamakonta da na sauran ƙasashe. Ban yi musu ba, yana da hujjarsa. Sai dai ta ce a gwajin farko da ta yi da mata goma sha biyu, ta bar fili a gefen takarda tana rubuta ainihin abin da kowace ta furta kafin a matsa mata ta zaɓi gida ɗaya. Ta nuna mini takardun. A jikin ɗaya an yi alama a kan "na gamsu", a gefe kuma da biron ɗalibar an rubuta abin da matar ta fara cewa: "To, ya za mu yi?"